Tabaraun da Ya Shiga Tsakanin Sammani da Kyari

Sammani ɗan koroso ne tun gashinsa na baƙi. Da rana yana yankan shadda a wani shago a Fagge, ran Asabar kuwa ya ɗaura akayau a ƙafa, shi da abokinsa Kyari su nufi gidan biki. Kowa ya san Sammani ne a gaba, Kyari na biye.

Ana nan sai wata budurwa mai suna Mirabel ta buɗe ɗakin kallo a Sabon Gari. Mai kallo zai sa wani ƙaton tabarau mai rufe ido, ɗan rawa na taka rawarsa a gabansa, amma a cikin tabaraun sai a gan shi a ƙarƙashin teku. Ta gwada su biyun, ta ɗauki Kyari.

"Baba, ka fi shi tsalle," ta ce wa Sammani, "amma kana fita daga inda kyamara ke gani. Shi yana tsayawa inda na ce."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Sammani, yana dariya. Ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Kafin wani lokaci hotunan Kyari sun cika wayoyin 'yan kasuwa. Har direbobin adaidaita na tambayar Sammani, "Malam, da gaske ka san shi?"

Wata ranar Lahadi da la'asar ya kasa daurewa. Ya je ɗakin kallon ya zauna can baya, ya sa tabaraun. Ga Kyari yana karkaɗa kafaɗa, irin karkaɗawar da shi ya koya masa, kifaye na bin ƙafafunsa. Abin ya yi kyau matuƙa, kyawun ne ma ya fi ci masa rai. Ya cire tabaraun, ya ga Kyarin da ya sani, da tumbinsa da guminsa, a kan dandamalin siminti. Ya sake mayarwa.

Da aka tashi Kyari ya hango shi, ya taho yana haki.

"Mutumina! Yaya ka gani?"

"Ƙafarka ta hagu tana makara."

"To zo gobe ka gyara mini."

Bai je ba. Suna gaisawa in sun haɗu, gaisuwa ta sama-sama. Yanzu da wani maƙwabcinsa Boniface Sammani yake zuwa biki. Ya koya masa taku iri-iri, amma akwai wani juyi guda da ya ƙi nuna masa, ko Boniface ya roƙa.