Ranar da Muka Yabi Fadamar Kaka

Ni dai tun ina yaro bakina ya fi kaina sauri, makaranta kuma ba ta samu damar gyara ni ba, don a aji uku muka rabu babu ko sallama. Babbar wautata na tafka ta ne wata Laraba da bazara, a farkon shekarun casa'in, lokacin da wata farar mota ta tsaya a bakin fadamar kakata, can bayan Dogo Nini. Mutum uku suka fito da wani dogon ƙarfe da ake murɗawa cikin ƙasa. Suna zaro ƙasa suna ƙullawa a leda, suna ɗiban ruwan rijiya a kwalba, suna ƙirga itatuwa. Aka ce masana'antar jimar fatu za a gina, ana duba filinmu da wani a hanyar Nangere. Ni abin da kaina ya ba ni shi ne gasa ake yi, wanda ƙasarsa ta ci zai sha kyauta.

Fadamar nan ita ce tukunyar gidanmu. Tun rasuwar babana, yakuwa da albasa da tumatirin da Kaka ke nomawa su ke riƙe da mu. Ni ke jan guga ina ban ruwa da safe, in ta juya baya in sulale tafki kamun tarwaɗa, ko mu yi langa a ƙarƙashin tsamiya har shanun Fulani su zo shan ruwa su kore mu.

A wajenmu ba a kushe gona a gaban baƙo, kamar ka kushe 'yarka ne. Da suka tambayi Kaka, sai ta ce, "Alhamdulillahi, ƙasa ce mai albarka." Ni kuwa na ɗora daga inda ta tsaya. Na ce rijiyarmu ba ta taɓa ƙafewa ba. Na ja su har gindin wani ɓaure, na yaye ciyawa na nuna musu idon ruwan da ko maƙwabta ba kowa ya sani ba. Babbansu ya shafa kaina, na dawo gida ina taku kamar ɗan sarki. Daga baya muka ji cewa mutanen hanyar Nangere sun haɗa baki sun ce filinsu tsandauri ne, ko ƙaya da ƙyar take fitowa. Har yau suna noma abinsu.

Kafin damina ta biyu an zagaye fadamar da waya, an sare tsamiya da ɓauren, an cike tafkin. Masana'antar ba ta wuce harsashin gini ba. Yanzu tireloli ne ke kwana a wurin, baƙin mai ya shanye ƙasar. Da rani muna jiran 'yan garuwa, da damina kuma ruwan da ya rasa masauki ya shigo mana har ɗaka. Wani lokaci in na bi ta wurin, nakan tsaya ina neman inda ɓauren yake, in kasa ganewa.

Kaka ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Ranar da aka ɗaure wayar, ta zo da tulunta ta tsaya, ta daɗe tana kallon rijiyar daga waje. Sannan ta juyo ta ce, "To mai gidana, kai da ka iya nuna wa baƙi ruwa, nuna mini inda zan ɗebo."