Motar Da Ta Ƙi Shan Kwanar Dama

A duk shekarun da na yi a garejinmu na Gorton, ban taɓa mantawa da wata Talata a watan Maris ba, ranar da aka kawo mana motar Injiniya Bala daga Birmingham. An ɗoro ta a kan babbar motar ɗaukar motoci, shi kuma yana zaune kusa da direba, ya haɗe rai kamar wanda aka kawo da sammaci.

Motar irin wadda ake kira hot rod ce. Ga waɗanda ba su sani ba, hot rod tsohuwar mota ce, galibi ta shekarun 1930, da ake cire mata tsohon inji a sa mai ƙarfi, a sauke gabanta ƙasa, a bar tayoyin a waje babu rufi. Ta Injiniya ja ce, sitiyarinta a dama. Lokacin ni ne mai kula da aikin ƙafa da sitiyari, a ƙarƙashin Graham, Baturen da ke da garejin.

'Yarsa ce ta shirya komai. Dakta Nafisa GP ce, wato likitar unguwa, a Withington, mun san juna a taron 'yan gida. Ta kira ni a waya, muryarta ba daɗi.

"Malam Nasiru, Baba ya fara ɓata a hanya," in ji ta. "Daga gidansa a Sparkhill zuwa masallaci tafiya ce kaɗan, amma sai ya zagaye unguwa kaf kafin ya isa. Na yi masa booking a memory clinic, asibitin masu mantuwa. Sai dai na lura da abu ɗaya: ban taɓa ganin ya sha kwanar dama ba. Ko dai motar ce, ko dai Baba ne. Ku duba ɗaya, ni zan duba ɗayan."

Idan kan Baba ne, tuƙi ya ƙare ke nan, kuma tun rasuwar matarsa motar nan ce abin da ke fitar da shi daga gida.

Ƙa'idarmu ita ce a fara tambayar mai mota kafin a taɓa sifana. Na gaishe shi, na ce, "Baba, me ke damun motar?"

"Babu."

"Sitiyarin fa?"

"Lafiya lau. Yana gaishe ka."

Muka ɗaga gaban motar. Na murza sitiyari hagu, ya tafi sumul har ƙarshe. Na murza dama, yana kai rabi ya cije. Da na leƙa ƙasa sai na ga dalili. Akwai sandar ƙarfe da ke ɗauko juyin sitiyari ta kai wa ƙafar dama. Da zarar an yi dama, bayan tayar sai ya shigo ciki ya danne sandar nan. Sandar ta goge tana ƙyalli kamar cokali, gefen tayar kuma ya zaizaye har zare ya fara leƙowa. Wanda ya sayar masa da motar ya sa tayoyi masu faɗin gaske a kan rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, irin wanda ke tura su ciki, kuma ya cire 'yan ƙarafan da ke tsayar da ƙafa kafin ta wuce iyaka. Graham ya duba, ya ce motar ba za ta fita daga garejinsa a haka ba. Rana ɗaya tayar za ta fashe ko sandar ta lanƙwashe, mutum ya riƙe sitiyari a hannu mota na tafiya inda ta ga dama.

Na kira Injiniya na nuna masa. Bai ko sunkuya ba.

"Na sani tun makon farko," in ji shi. "Yarana duk sun ce kada in saya. In koma in ce musu me? Sai na zauna na yi lissafi. Hagu uku daidai take da dama ɗaya."

"Shataletale fa, Baba?"

"Ba na zuwa inda yake."

A Birmingham, garin da ke cike da shataletale, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ya ce kada in gaya wa Nafisa. Na ce ita ta kawo aikin, ita za mu yi wa bayani, kuma dai ya san asibitin da ta nema masa. Ya cire hularsa ya duba cikinta.

"Wato ko in zama wanda tsufa ya rikita, ko in zama wanda aka cuta a ciniki."

"Haka ne, Baba."

"Ba ni zuwa la'asar in yi tunani."

Bayan la'asar ya zaɓi na biyun.

Aikin ya ɗauke mu har ƙarshen mako. Muka samo rim masu fito da taya waje kaɗan, muka sa tayoyi marasa faɗi, muka canja sandar da sabuwa, muka mayar da ƙarafan tsayarwa, sannan muka daidaita ƙafafun. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: a murza sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe, motar tana ƙasa da nauyinta, a tabbatar yatsu suna shiga tsakanin taya da duk wani ƙarfe. Da Injiniya ya ga sababbin tayoyin ya ce mun mayar masa da mota kamar zakara mai ƙafar sauro. Graham ya tambaye ni me ya ce, na ce ya gode.

Ranar Asabar Dakta Nafisa ta zo, ta shiga gefensa, ni ina biye da su a motar gareji. Muka isa wani shataletale. Injiniya ya shiga, ya wuce hanyar da za mu fita, ya zagayo, ya sake wucewa. Daga baya ta gaya min yadda suka yi a cikin motar.

"Baba, ga exit ɗinmu can, mun wuce."

"Na gan shi," in ji shi. "Bar ni tukuna. Na daɗe ban yi dama ba."

Ba ta soke zuwa asibitin ba. Ya je, aka duba shi, aka ce kansa garau yake. Yanzu yana tuƙa motarsa zuwa masallaci kai tsaye, ya ce har ya fara samun sahun farko.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ga abin da na koya. Duk canjin da aka yi wa gaban mota don ado, a murza sitiyari har ƙarshe ta gefe biyu kafin a ce an gama. Mai mota kuma idan ya ce babu abin da ke damunta, kada ku yi musu da shi, kada kuma ku yarda. Ba ƙarya yake so ya yi muku ba. Wani abu yake karewa wanda ba a cikin motar yake ba. Ku gaishe shi da ladabi, ku ba shi kujera da shayi, sannan ku ɗaga motar.