Tawadata a cikin ƙamusun Alhaji

Shekarun baya, tun ina gidanmu na Ƙofar Sauri ban yi aure ba, aka ce wata kotu tana neman mataimakin tafinta. Larabci ina da shi daidai gwargwado, ajami kuwa da shi na buɗe ido, amma Turancina na ajin manya ne da muke zuwa bayan la'asar. Abu biyu ake so: mutum ya ci jarrabawa, ya kuma kawo takardar shaida daga wani dattijo da aka sani. Ni kuwa dattawan da suka san ni duk malaman zaure ne.

Wani abokina ya kai ni wurin mahaifinsa a GRA. Alhaji tsohon shugaban makaranta ne, mutum mai tsari, wanda ko jarida ya gama karantawa sai ya ninke ta yadda ta zo. Ya yi mini tambayoyi da Turanci, na amsa rabi, rabin na yi murmushi. Ya tashi ya buɗe kabad ɗin gilashi ya ciro wani ƙamus mai kauri. A shafin farko akwai sunansa da hatimi, kyautar da aka ba shi ce yana ɗalibi.

"Ka riƙe shi mako uku," in ji shi. "Ka dawo mani da shi lafiya, sannan mu yi maganar takarda."

Na karɓa da hannu biyu. A gida na ɗinka masa gafaka irin ta littattafan addini, ban taɓa ɗora shi a ƙasa ba.

Kalmar da ta fara tsayar da ni ita ce wadda muka hausantar muke cewa caji. Na ɗauka na san ta, tunda kullum ina kai wayata caji. Sai na tarar ta ci kusan shafi guda. Tuhumar da ake karanta wa mutum a kotu caji ce. Ladan aiki caji ne. Sojoji su afka wa abokan gaba, caji. A damƙa maka kula da wani abu, shi ma caji. Kowace ma'ana kuma ga 'yan'uwanta a jere, kalmomi uku ko huɗu da za su iya tsayawa a madadinta. Idan alƙali ya faɗe ta, wacce zan ba mutumin da ke tsaye a gabansa?

Sai na yi abin da aka koya mini. A zaure, idan malam ya fassara maka kalma mai wuya, kana rubuta ma'anarta da ajami a ƙarƙashinta ko a gefen shafi, da ƙananan baƙaƙe. Littafin da gefensa ya cika shi ake girmamawa, don an san ya sha karatu. Na feƙe alƙalamin kara, na jawo tawada. Na gama da caji na wuce wasu kalmomin. Mako uku ina yi, har ina jin daɗin yadda rubutun ke kwanciya. Wallahi ban taɓa tunanin ɓarna nake yi ba. A raina cewa nake Alhaji zai ga an yi wa littafinsa hidima.

Ana jibi zan mayar, abokina ya zo. Na buɗe masa shafin ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a ƙasa.

"Innalillahi. Malam, laya ka mai da shi?"

"Wace irin laya? Sharhi ne."

"Sharhi! Mutumin da ya hana ni taɓa littafin nan sai na wanke hannu? Shafi nawa ka yi?"

Muka ƙirga, muka wuce arba'in, ya ce in bari haka nan. Ya juya wani shafi ya nuna mini bayansa. Takardar siririya ce, ba irin tamu ba, tawadar ta huda ta fito, ta dusashe Turancin da ke ɗaya gefen. Ban taɓa lura ba, ni gaba kawai nake yi.

Na ɗauko reza, don da ita muke kankare kuskure. Kankara ɗaya takardar ta ɓule. Washegari muka zagaye masu littattafai a Babbar Kasuwa. Mun sami ƙamus iri-iri, amma ba mai wannan bangon, kuma ko an samu, ina za mu samo hatimin? A hanya abokina ya ce mu ce ruwan sama ne ya zubo ta rufi ya lalata shi, na jefar.

"Zai yi faɗa, amma zai ba ka takardar. In ya ga wannan kuwa, ka manta da kotu."

Ban ce masa a'a ba, kuma wannan yana cikin abin da nake jin kunyarsa har yau. Na dawo gida na kasa cin tuwo. Mahaifiyata ta tambaya, na gaya mata duka, har da shawarar ruwan sama.

"To," ta ce, tana tsince shinkafa ba ta ko ɗago ba, "kai da za ka je inda ake rantsar da mutane, da ƙarya za ka buɗe ƙofar? Ka kai mashi abinshi. In ya kore ka, ka dawo, akwai tuwo."

Ranar da na je, tun daga bakin gidan nake karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa ƙamus na ce, "Baba, na yi laifi a ciki. Gara ka gani ina nan."

Ya sa tabarau. Ya buɗe, ya juya, ya sake juyawa. Da ya zo wurin da reza ta ɓula, ya sa yatsa ya shafa. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Shekara hamsin ban sa mashi ko ɗigon biro ba," ya ce.

"Na ɗauka gyara nake yi, Baba."

"Wa ka tambaya?"

Can ya tura mini shafin caji ya ce in karanta abin da na rubuta, don shi ajaminsa ya yi tsatsa. Na karanta. Ya tsayar da ni sau biyu ya gyara mini. Sannan ya rufe littafin, ya mayar kabad, ya murɗa makulli. Ya jawo takarda ya yi rubutu, ni ina durƙushe ban sani ba ko ta kora ce.

Kafin ya sa a ambulan ya karanta mini, ya fassara da kansa. Ya ce yaron yana da naci, yana faɗin gaskiya ko da a kansa za ta faɗa, kuma ya dace da aikin. Layin ƙarshe ya ce: kada a ba shi aron littafi.

Na ɗauka wasa yake, zai goge. Bai goge ba. Haka na kai ta, masu tantancewa suka yi ta dariya, suka sa na ba su labarin, aka ɗauke ni.

Na yi shekaru ina zuwa gaishe shi har Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa. Ya ci abinci da ni, ya zo ɗaurin aurena, amma bai sake buɗe kabad ɗin nan a gabana ba. Na fahimci ya yafe mini, sai dai abin ya yi masa ciwo, kuma yafewar ba ta cire ciwon ba. Niyyata mai kyau ce, amma kayan ba nawa ba ne, kuma tambaya ɗaya da ta ishe ni. Har yanzu idan na tuna yatsansa a kan wannan ɓular, sai in ji kunya ta rufe ni kamar yau abin ya faru.