Adam Mai Tambayar Na'ura

Adam na Kara-Kara tun asali mai gyaran tafireta ne. Da tafireta ta mutu a Zandar, bai mutu da ita ba, sai ya zauna da haƙuri ya koyi cikin ordinatar, wato kwamfuta, har furfura ta kama shi a kai.

Wata ƙungiya ta raba tsofaffin ordinatoci a lakwal-lakwal, wato makarantu, na karkara, ta ɗauke shi aiki. Aikin kuwa tambaya ce. Duk sa'ad da aka sake zuciyar tsarin, wato abin da ke riƙe da na'urar daga ciki, sai a saka sabuwar a lakwal biyar na wata ɗaya. Adam ya bi su da babur ya ji: tana tsayawa? Tana mutuwa da kanta? In ya rubuta ba matsala, sai a saka wa sauran duka. Shekara tara sunansa ke tafe da wannan takarda, shi ne kuma duk abin da ya mallaka.

A bazarar bara ya je Gidimuni wurin Malama Ramlatu, shugabar lakwal. Ta ba shi ruwa, suka gaisa.

"'Yata, yaya na'urar tun da aka sake mata ciki?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Ai sai godiya."

"Ba ta ba ki wahala?"

"Haba Baba, wanda aka ba kyauta ina shi ina ƙorafi?"

Ya ga na'urar a kusurwa, an lulluɓe ta da zane. Ransa ya ce ya ɗaga ya kunna. Amma mutum bai shiga wurin wani ya buɗe abin da aka rufe, bayan mai wurin ta ce lafiya. Ya rubuta ba matsala. A lakwal ta Guna ma haka.

Ashe in zafi ya yi, sai na'urar ta sandare, ta cinye abin da aka rubuta. Ramlatu ta sani tun mako na farko. Ta ga dattijo ya sha rana tun daga birni, kunya ta hana ta.

Aka saka wa lakwal talatin. Ana dab da jarrabawa, sunayen yara da makinsu suka ɓace a wurare da yawa.

Shugaban ƙungiyar, Sama'ila, wanda Adam ya haifi sa'ansa, ya kira shi, bai ko ba shi kujera ba.

"Tsoho, faɗi gaskiya. Gindin wace bishiya kake zama kana cika takardun nan?"

Adam ya sayi man babur da kuɗinsa ya koma Gidimuni. Bai nemi komai ba sai layi biyu: ta rubuta cewa ya zo, ya tambaya, ita ce ba ta faɗa ba.

Ramlatu ta ce masa:

"Baba, in na rubuta, sufeton lakwal zai gani. Ina da 'ya'ya huɗu."

"To," in ji shi. "Allah ya raya su."

Yanzu tambayar ta waya ake aikowa, malamai su latsa amsa. Adam kuwa an sallame shi, yana bakin kasuwa yana gyaran rediyo da tocila. Masu wucewa da suka san shi suna gaishe shi da girma, sai sun yi nisa su ce shi ne wanda ya ci amanar yara.