Zaren da ke Jikin Akwatunan Sito

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Maris, ina buɗe ƙofar sito 'yarka ta kira ni a waya ta ce Allah ya yi maka rasuwa. Na daɗe tsaye da makulli a hannu. Talata ce ranarmu, Baba, kuma na riga na ajiye maka kujera.

Shekara arba'in da ɗaya ka yi kana gadin sito a gidan adana kayan tarihinmu, har kowa ya manta sunanka na yanka, sai Baba Na-Sito. Ba ka yi boko ba, amma duk wani mai digiri da ya shigo ɗakin nan ta hannunka ya bi. Ka koya mini wanke tsingaron tukunya da tsohon buroshin haƙori. Ka nuna mini shatin babban yatsa a bakin wata randa da ta girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru, ka sa na ɗora nawa a kai. Ranar na fara ganin mutane a cikin kayan nan.

Mahaifinka lebura ne na Baturen da ya fara haƙa kufan yankinmu a zamanin mulkin mallaka. Shi ya ɗauko akwatunan nan sittin da uku a ka. Baturen ya rubuta a katinsa cewa kayan wasu mutane ne da ba a san su ba. Duk sanda aka tuna maka wannan sai ka yi dariya ka ce, "Shi ne dai bai san su ba. Da ya tambayi mai ɗaukar masa kaya, ai da ya ji har sunan rijiyarsu."

Gara ta cinye katunan da ke nuna inda aka haƙo kayan tun kafin a haife ni. Abin da ya rage shi ne abin da mahaifinka ya faɗa maka, kai kuma ka ɗaure shi da zare a hannun kowane akwati. Jan zare na kufan kan dutse ne, baƙi na bakin kogi, fari na unguwar maƙera inda ake samun kashin tama, wato dattin narka ƙarfe. Yawan ƙulli kuma zurfin ramin da aka ciro kayan. Tsingaron da ba a san inda aka haƙo shi ba, ba shi da maraba da fasasshiyar tukunyar bola, ba ya ba da labarin kowa.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa rubutawa ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka ba ni shugabancin gidan, ina ji da kaina, ina ji da takarduna. Za a yi manyan baƙi, kai kuma kana hutun jinya. Na shiga sito na ga zaruruwa sun yi daƙal-daƙal da ƙura, na ɗauki almakashi na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni da hannuna, ban tambayi kowa ba.

Da ka dawo ka tsaya a bakin ƙofa kana kallon akwatunan. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Malama, kin cire musu suna." Da ka ga idona ya kawo ruwa sai ka dafa kanka ka ce, "Kar ki damu, 'yata, suna nan. Ki samo littafi kawai mu zauna."

Ban samo ba. Yau taro, gobe tafiya, jibi rahoto. Kullum ka tuna mini sai in ce mako mai zuwa, kai kuma ka ce, "To, Allah ya kai mu, amma fa kan nan ba na ƙarfe ba ne." Sai bara, da na ga ka fara laluben bango, muka soma zaman Talata. Kana shafa kaya kana faɗa, ina rubutawa. Akwati goma sha tara muka yi.

Saura arba'in da huɗu. Yanzu in na shiga sito babu motsin kowa sai ƙarar fanka. Nakan buɗe akwati in ga duwatsun wuya da wata mace ta taɓa sawa, in rasa wanda zan juya in tambaya.

Bayan kwana huɗu da rasuwarka 'yarka ta kawo mini wani gwangwanin madara da ta tsinta a ƙarƙashin gadonka, ta ce wataƙila kayan aiki ne. Na buɗe. Zaruruwan ne, ja da baƙi da fari, kowane da ƙullinsa. Ashe ka bi kwandon shara ka tsince su, ka wanke, ka adana, ba ka taɓa nuna mini ba don kada in ji kunya. Na zauna da su a tafin hannu har aka tashi aiki. Ban san wanne ne na wane akwati ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'yarka, da jikokinka, da abokan aikinmu. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Shi da bai manta sunan ko ɗaya daga mutanen kufan nan ba, ya saka maka da riƙon da ka yi musu. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya ina shirin ce maka ka yafe mini. Ita ma na bar ta sai mako mai zuwa.