Tafintar da na yi wa Ansari a Madina

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun saba'in, na yi aiki a wata gonar dabino a Awali, gefen Madina. Ni haihuwar Gadarif ne a Sudan. Mahaifina Bakatsine ne, ya fito da niyyar Hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a can, ya yi aure ya zauna. Ni ne na ƙarasa masa tafiyar, sai dai ni neman abinci ya kawo ni. Na baro matata da 'yarmu tana rarrafe.

Gonar katanga ce ta kewaye ta, mai tsayi, ƙofa ɗaya. Mai gonar sai a yi wata bai leƙo ba, wakilinsa ne ke zuwa ran Alhamis ya sauke mana shinkafa da mai ya juya. Wata shida na yi ni kaɗai a ciki, daga ni sai injin ban-ruwa. Har na kai ina yi wa injin magana. In ya ƙi tashi in lallashe shi da Hausa, in ya ci gaba da taurin kai in zage shi da Larabci.

Ina da kawu a unguwar Ƙiblatain, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe a ƙasar har ya zama ɗan ƙasa. Ran Juma'a nakan je in ci abincin rana a gidansa. Yana riƙe ni hannu biyu, ba zan ci amanarsa ba. Amma 'ya'yansa in na yi musu Hausa sai su mayar min da Larabci, in na yi musu Larabcina na Sudan sai su ƙunshe dariya. Nakan koma gona da la'asar cikina a ƙoshe, zuciyata kuwa kamar ban je ko'ina ba.

Ana nan sai wakili ya sauke min abokin aiki. Mutumin Indiya ne, siriri, zai yi shekara hamsin, da ɗan akwatin kwano. Larabcinsa irin na 'yan aiki ne, kalma nan kalma can, sauran a cike da hannu. Ya ce in riƙa kiransa Caca, wai a yarensu ƙanen uba ke nan. Na ce masa a yarenmu wannan sunan malamai ba sa son jin sa. Muka daidaita a kan Baba, wanda ya yi wa kowa daidai.

Wata rana muna cin gurasar tamis da wake a inuwa, ya ciro iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ya nuna min sunan ƙarshe da ɗan yatsa. An rubuta Ansari.

Ya ce, "Ka san ma'anarsa?"

Na ce, "Baba, a Madina muke. Ansaru su ne mutanen garin nan da suka karɓi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka taimake shi."

Ya buga ƙirji a hankali, sannan ya nuna ƙasa. Ya ce kakanninsa daga nan suka tashi. Ya ce a garinsu unguwa guda ce sukutum kowa Ansari, kuma kowa masaƙi. In ka shiga da safe ba ka jin komai sai ƙarar masaƙa daga kowane gida. Shi ma saƙa ya tashi yana yi, sai da yadin kamfani ya kashe musu kasuwa ya fito. Mahaifinsa har ya rasu yana cewa duk wanda Allah ya kai Madina a cikin 'ya'yansa, ya nemi dangi ya gaishe su.

Daga ranar bai bar ni na huta ba. Ni ne mai Larabci, ni ne mai kawu ɗan gari. Na kai wa kawuna maganar, ya yi ɗan murmushi ya ce akwai wani dattijo mai sayar da turare kusa da Harami, gidansu tsohon gida ne a Madina, kowa ya san su da wannan nasabar. Ya ce, "Ku je, mutumin kirki ne. Amma kada ku sa rai da yawa."

Muka je bayan sallar Juma'a. Abokina ya sa farar rigarsa ɗaya tilo, wadda ya kwana biyu yana danne ta ƙarƙashin katifa don ta miƙe. Dattijon ya ba mu wuri, ya zuba mana gahawa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya tambaya, cikin ƙabilu biyun Ansaru, su Ausu ne ko Khazraju? Abokina bai sani ba. Akwai takardar salsala a gidansu? Babu. Sunan kakan da ya fara barin Madina fa? Shi ma bai sani ba.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, babu shekarar da irinsu ba sa zuwa wurina, daga Indiya, daga Pakistan. Na ji cewa akwai wasu gidaje a can masu salsala a rubuce, ban musa ba. Amma suna kaɗai ba ya tabbatar da nasaba. Ni ban san shi ba, kuma ba zan ce na san shi ba. Gaya masa ya bar wahalar da kansa, ya yi ta salati, ya fi masa."

Da taushin murya ya faɗa, shi ya sa abokina bai tsinci komai ba. Ya juyo yana kallon bakina. Ni kuma a lokacin ina ganin kaina mai hikima ne. Na ce masa da Larabcinmu na gona, "Ya ce mutanensu da yawa sun tafi Indiya tun zamanin da. Ya ce ga alama ku jini ɗaya ne."

Abokina ya ajiye kofi, ya kama hannun dattijon da hannu biyu ya ɗora a goshinsa, hawaye na zuba. Dattijon ya ɗago ya kalle ni. Na san ya gane. Na sunkuyar da kai ina duban takalmana.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a gonar nan. Mutumin nan ya riƙa rera waƙoƙin yarensu yana gyaran magudanar ruwa. Ya riƙa dafa mana shinkafa da wani yaji da ke sa ni atishawa. Har na fara yaba wa kaina, ina cewa ƙaryar da ta faranta ran bawan Allah ai ba za a rasa lada a cikinta ba. Ban san ya rubuta wasiƙa gida ba.

Amsa ta zo bayan kamar wata biyu. Ya karanta min yana fassarawa, fuskarsa sai walƙiya take. Wansa ya karanta wasiƙar a masallacin unguwa, an yanka akuya, an raba alewa. Sannan ga babbar magana. Ashe babban ɗansa ya taɓa neman 'yar wani malamin makaranta, aka hana shi, aka ce ba sa haɗa zuri'a da masaƙa. Yanzu dangi sun yanke shawarar komawa neman auren. Abin da suke jira kawai shi ne takarda daga dattijon Madina, da sa hannunsa.

Ya ce, "Juma'ar nan mu koma, ɗana."

Juma'ar farko na ce cikina ke ciwo. Ta biyu na ce kawuna ya ce dattijon ya tafi Makka. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A ta uku bai tambaye ni ba. Ya sa farar rigarsa ya fita, ashe ya samu wani mutumin ƙasarsu da ke aiki a kantin magani, mai Larabci sosai, ya raka shi.

Da ya dawo ina bakin rijiya. Ya wuce ta gabana, ya shiga ɗaki, ya cire rigar ya ninke. Ya ɗauki tukunyarsa da buhunsa ya koma rumfar da ke can ƙarshen gona. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni.

Na ɗauka na san kaɗaici a wata shidan farko, ashe wasa ne. Zama kai kaɗai daban, zama da mutumin da ya daina ganinka daban. In na yi sallama yakan amsa, don wannan hakki ne, daga nan babu ƙari. Ina hango hayaƙin girkinsa ta tsakanin itatuwa, ina jin tarinsa da asuba. Lokacin sallah shi ya yi tasa can, ni in yi tawa nan, alhali da jam'i muke yi. Sau biyu ina zuwa ba shi haƙuri, sau biyu yana tashi ya ɗauki fartanya ya bar ni tsaye. Na daina zuwa Ƙiblatain, don kunyar kada kawuna ya tambaye ni yadda aka ƙare. A kwanakin ne kewar matata da 'yata ta taso min gaba ɗaya, har nakan zauna a bakin magudana in rasa abin da ya zaunar da ni.

Mun fi wata guda a haka. Abin da ya haɗa mu aiki ne. Dabino ya yi fure, lokacin hawa a sa wa matan dabinon garin furen namiji ya yi, kuma aikin yana son mutum biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa yana miƙa masa. Ni nake hawa. Kwana uku muna yi, magana sai da hannu kawai. A rana ta huɗu, da muka zauna shan ruwa, ya yi magana yana kallon gabansa.

Ya ce, "Kakata ta gaya min tun ina yaro. Na sani."

Na juyo na dube shi.

Ya ce a zamanin kakansa ba Ansari ake kiransu ba, Julaha ake ce musu, wato masaƙa, kuma a bakin manyan gari kalmar zagi ce. In an yi walima su ne a bakin ƙofa. Sai manyan masaƙa na garuruwa suka yi shawara suka ce sun gaji, daga yau sunansu Ansari, tunda an ce wani daga cikin sahabban Madina ya taɓa sana'ar, ko zuri'arsa sun yi, shi dai bai tantance ba. Sunan ya bazu, gari bayan gari, har ya zama duk inda ka ga masaƙi Musulmi a yankinsu, da wuya ba shi ne sunansa ba. Kakansa ya kwanta Julaha ya tashi Ansari. Mahaifinsa kuwa ya girma da sunan, ya gaskata har zuciyarsa.

Na ce, "To Baba, in ka sani, me ya kai mu wurin dattijon?"

Ya ce, "Na ce ko kakata ce ta yi kuskure. Mutum yana so."

Ya juya kofin a hannunsa. Ya ce, "Da ka gaya min abin da ya ce, da na yi kuka kwana ɗaya na haƙura. Dattijon ya ɗauke ni mutum, ya faɗa min gaskiya. Kai kuma ka dube ni ka ga ba zan iya ɗauka ba. Irin kallon da ake mana a gida ke nan."

Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe tun makon farko, bakinsa ne ya yi nauyi.

Ran Juma'a na raka shi gidan waya. Ya rubuta wa wansa cewa babu takarda kuma ba za a samu ba, maganar farko kuskuren tafinta ce. Na ce ya rubuta ƙarya ce tafinta ya yi, ya ce a'a, kuskure ya isa. Abin da dangi suka sha na kunya a unguwa bai taɓa gaya min ba, ni ma ban iya tambaya ba. Auren dai bai yiwu ba. Daga baya yaron ya auri 'yar maƙwabcinsu, ita ma 'yar masaƙa.

Mun ƙara shekara guda tare. Ya dawo da tukunyarsa, muka koma jam'i, amma bai sake rera waƙa ba. Sannan ya samu hutun wata uku. Na kai shi tasha, muka yi musabaha sama-sama irin ta waɗanda za su sake haɗuwa. Ya bar bargonsa da akwatin kwanonsa a ɗaki. Wata uku ya wuce, shida ya wuce. Na tambayi wakili, ya ɗaga kafaɗa ya ce bai dawo ba, za a kawo wani.

Tun daga nan na yi tafinta ba adadi, a asibiti, a kasuwa, wurin alhazai. Ko maganar ta kai dutse nauyi, haka nake miƙa ta, sai dai in zauna kusa da mutum bayan ya ji. Tausayin da ke hana ka faɗa wa mutum gaskiya, na gane sau da yawa kanka kake tausaya wa.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne ban taɓa karɓar adireshinsa ba. Sunan garinsu ya faɗa min ba sau ɗaya ba, harshena bai riƙe ba. Sunansa na yanka ma irin wanda ke kowane gida ne. Shekara da shekaru, in na ga alhazan Indiya a harabar Harami, nakan matsa in tambaya ko sun san wani Ansari, masaƙi, da ya yi aikin dabino a Awali. Kullum sai su yi murmushi. Wani ya ce min shi ma Ansari ne, da surukinsa, da mutum huɗu a motarsu. Ya ce, "Alhaji, wane gari?"

Na ce ban sani ba. Ya riƙe hannuna ɗan lokaci, sannan jagoransu ya kira su suka wuce.