Zanar Gefen Gabas

Da aka ba mu jiha, duk wani ɗaki mai faɗi a Gusau sai da gwamnati ta mayar da shi ofis. Zauren da ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ke haɗuwa ma, wata safiya muka tarar an jera tebura a ciki, wani mai tumbi yana tambayarmu wa muke nema. Ni a lokacin malamin firamare ne, saurayi, na baro Bungudu ina zaune a gidan kawuna, kuma a raina gani nake ba a taɓa haihuwar mai basira irina ba.

Gidan kawun nawa bene aka so yi. An zuba kankaren sama, sai ƙarfi ya ƙare, rodi ya tsaya cirko-cirko a gefe-gefe. Matarsa, Inna, ta mayar da wurin lambu: alayyafo a tsofaffin tayoyi, tumatir a buhunan siminti, yakuwa da attaruhu a fasassun bokitai. Ni na kawo shawarar mu yi wasanmu a can. Ba dandamali, ba kujeru. 'Yan kallo su riƙa bin 'yan wasa a tsakanin shuke-shuke, har a tsoma su cikin labarin. Na yi ta cika baki da wannan dabara kamar ni na ƙirƙiro ruwa.

To amma namiji ba ya hawa sama haka kawai. Ko mai gyaran kwanon rufi sai ya fara aika wa maƙwabta, don wanda ke bisa yana ganin tsakar gidan mutane. Saboda haka na bi gida-gida ina sallama ina sanar da ranar.

Gidan da ke gabas da mu na wani dattijo ne, tsohon direban babbar mota da ya daɗe yana shugabantar direbobi a tasha. Dogo ne, mai murya, idan ya doso layi da babbar rigarsa har masu tebur miƙewa suke. An yi watanni ba a gan shi ba, aka ce ya koma gonarsa a Tsafe. Matarsa ce ta fito zaure, ta tsaya a bayan ƙyaure, ta saurare ni har na gama.

"Malam," in ji ta, "Alhaji shina nan ciki, bai tahi ko'ina ba. Ɓarin jikinai ya mutu. Ba shi son kowa shi gan shi hakanan. Bayan la'asar nika hiddo shi tsakar gida shi sha iska, ita ɗai ta rage mai. Amana ta na ba ka."

Wasanmu kuwa bayan la'asar ne. Na bugi ƙirji na ce, "Hajiya, ko tsuntsu ba zai leƙo ba." Na sayo zana na ɗaura a jikin rodin gefen gabas da igiyar rama, na ja da baya na dube ta, na yaba wa kaina.

Ranar wasa mutane sun cika, har da direbobi daga tasha. Ni na fito a ɓarawon tumatir. Yadda muka tsara, mai lambu zai yi ihu, 'yan kallo su tare ni a gefen yamma, wajen matakala. Aka yi ihun, mutane suka taso da gaske. Na zille wa na farko, wuri ya kece da dariya. Dariyar nan ta yi mini daɗi, na ƙara zillewa, na tsallake wata taya, na sake tsallake wata. Ban ankara ba sai na ji zana a bayana, jama'a kuma sun danno. Igiya ta tsinke, zanar ta tafi ƙasa gaba ɗayanta.

Alhaji yana zaune a kan tabarma a tsakar gida, an jingina shi da turmi. Zane kawai ke jikinsa. Ya rame, bakinsa ya karkace, kunu na bin gemunsa, Hajiya na durƙushe a gabansa da ludayi. Ya ɗago ido ya dube mu, mu duka, har da mutanen da shi ya koya wa riƙe sitiyari. Hajiya ba ta yi ihu ba. Ta zare mayafinta ta lulluɓe shi, ita ta zauna da kai a buɗe.

Wani direba a kusa da ni ya ce a hankali, "Ashe Alhaji shina nan."

Sai mutane suka juya baya, suka riƙa sauka. Ni na tsaya da tumatir a aljihu, ya fashe yana bin cinyata. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yini ba, kuma har yau idan na tuna sai na runtse ido.

Washegari ƙofar gidan Alhaji ta cika da takalma. 'Yan dubiya ne, da lemo da addu'a, kowa da kyakkyawar niyyarsa, kowa sai ya gan shi. Ni kam zagaye nake ta bayan layi in tafi makaranta, har kawuna ya gaji da ni ya tasa ni gaba zuwa zauren.

Hajiya ta tsaya a bayan ƙyaure, ta ce ba komai, Alhaji ya yafe. Da ma zagina ta yi, da na fi samun sauƙi. Na rantse mata mun daina, ba namijin da zai sake taka saman nan, a ci gaba da fito da shi.

"Na hwaɗa mai, Malam," ta ce. "Ya ce a bar shi ɗaka."

Ya kai har damina ta gaba kafin Allah ya karɓi ransa. Inna, da ke hawa ban ruwa safe da yamma, ta ce ko sau ɗaya ba ta ƙara ganinsa a waje ba.